Yadda za ka gano ko an tace abin sha da kayan dabba, mataki-mataki

Assalamu alaikum jama'a. Kusan wata guda kenan saƙonni na ta shigo min akan magana ɗaya, yawanci daga 'yan uwa da suka zo Jamus da Ingila kwanan nan suna aiki a kicin ɗin gidan abinci ko jera kaya a kanti, wai bature ya tsare su da tambaya ko giya kaza ta dace da ɗan bigan, wato mutanen nan da ba sa cin komai da ya fito daga jikin dabba, su kuma sun yi tsuru-tsuru tunda a saninsu giya ai sha'ir ce da ruwa da yis, toh ta ina dabba ta shigo? Na amsa wa mutum uku huɗu a waya na ga abun ba mai ƙarewa bane, shi yasa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya.

Tun kafin a je ko'ina, ni ba na shan giya, kuma hukuncinta a wurin musulmi ba ɓoyayye bane, an tace ta da kifi ko ba a tace ba tana nan a haramun ɗinta. Abin da yasa maganar ta dame ni shine kayan da ake tace giya da su sune dai ake tace wasu lemukan da muke sha da su. Azumina na farko a Hamburg kullum da ruwan aful na kwali nake buɗa baki, irin garau ɗin nan mai kalar zuma, har ranar da wata abokiyar aikina 'yar Turkiyya ta ɗauki kwalin ta juya shi ta ce min na bincika kuwa? Na nuna mata rubutun na ce ai ga shi nan aful ne ɗari bisa ɗari. Ta girgiza kai ta ce abin da ake tacewa da shi ba a rubutawa. Na rubuta wa kamfanin, bayan kwanaki suka amsa cewa eh suna amfani da jelatin na alade, wani abu da ake cirowa daga fata da ƙashi. Wallahi ranar ban ji daɗin raina ba, har da yarana nake zuba wa. Don haka hanyar da zan faɗa guda ɗaya ce, ta giya ce ta lemo ce ta ruwan khal ce, abin da kake nema a ƙarshe ne kawai ya bambanta.

Kayan aikin ba su da yawa: waya mai data, kwalbar ko kwalin a hannunka ko hotonsa gaba da baya, da wurin rubutu. Ba a biyan ko sisi, sai dai haƙuri don wani lokacin amsar kamfani na ɗaukar lokaci.

1. Fara sanin me mai shan yake gudu

Nan mutane suka fi yin tuntuɓe kuma nan ne mafi sauƙi. Ɗan bigan ba ya son nama, kifi, madara, ƙwai, zuma, har ƙwaro. Wanda ya ce maka shi bejiteriyan ne yana shan madara yana cin ƙwai yawanci, amma kifi da jelatin a'a. Musulmi kuwa kifi ba matsalarsa bane, madara da ƙwai ma haka, damuwarsa alade da mushe da barasa. Sai na huɗu, mai aleji da madara ko ƙwai ko kifi, wato wanda jikinsa ba ya karɓarsu, shi nasa ba ra'ayi bane, magana ce ta asibiti.

Gargaɗi: kar ka haɗa su a tukunya ɗaya. Giya na iya zama bigan tsaf kuma tana nan haramun, lemo na iya zama halal da jelatin ɗin saniyar da aka yanka amma ɗan bigan ba zai taɓa ba. In mai aleji ne ya tambaye ka, kar ka amsa da ka, kira manaja a ɗauko takardar aleji ta wurin.

2. Haddace sunayen abubuwan

Kun san yadda ake jefa alum a ruwan rijiya da ya dagule, a bar shi jim kaɗan dattin ya haɗu ya kwanta a gindin bokiti ruwan sama ya yi garau? Toh aikin kenan. Giya in ta gama nuna tana nan a dame da yis da ƙananan abubuwa masu yawo a ciki, in an bar ta za su kwanta da kansu amma sai an jira, kamfani kuma ba ya son jira, sai a zuba abin da zai kama su ya ja su ƙasa cikin kwana ɗaya biyu.

Na farko kuma wanda ya fi shafar giya shine wanda turawan Ingila ke rubutawa isinglass, Jamusawa Hausenblase, Faransawa colle de poisson. Duk wadda ta taɓa gyaran ɗanyen kifi ta san wata 'yar jakar iska fara a cikin cikinsa kamar ƙaramin balan-balan, wadda in an matsa take fashewa, toh ita ake busarwa a narkar da ita a samu wani ruwa mai yauƙi. Na biyu jelatin. In kin dafa ganda ko ƙafar saniya romon ya kwana ya daskare yana rawa, wannan daskararren shine jelatin, kamfanoni na ciro shi daga fata da ƙashi, kuma a Turai mafi yawansa daga fatar alade ne. Shi ne ya fi shafarmu don shi ake sawa a wasu ruwan aful da na inabi da khal. Sai farin ƙwai da ake rubutawa albumin, da furotin ɗin madara da ake rubutawa casein, waɗannan biyun sun fi yawa a giyar inabi. Akwai kuma chitosan, wani daga ɓawon jatan lande ake yi wani daga naman gwari, sai an tambaya ake sanin wanne ne.

Su kuma waɗanda ba na dabba ba ya kamata ka san su don kar su tsorata ka in kamfani ya ambata: bentonite yumɓu ne, silica da kieselgur dangin ƙasa ne, Irish moss ciyawar teku ce, PVPP haɗin masana'anta ne, ga furotin ɗin wake da na dankali, ga gawayi. Wasu ma ba sa zuba komai, inji ne mai juyawa da gudu yake ware dattin ko a bi da ruwan ta matata mai ƙananan ƙofofi.

3. Karanta jikin kwalbar, amma kar ka tsaya nan

Juya kwalbar ka nemi jerin kayan haɗi. Abin da za ka iya kamawa a nan shine wanda aka zuba don ya zauna a ciki: lactose wato sukarin madara, ana sa shi a baƙar giyar da suke kira milk stout da wasu sababbin giyar ƙananan kamfanoni masu kauri, sai zuma, sai kalar ja mai lamba E120 wadda daga wani ƙaramin ƙwaro ake samo ta, ana kuma rubuta ta carmine ko cochineal. Akwai ma baƙar giyar da ake dafawa da kawa ta teku, sunan na jikinta oyster. A lemo kuma ka lura da bitamin D3, yawanci daga maiƙon gashin tumaki ake yin sa, musulmi ba ruwansa amma ɗan bigan da ruwansa. Madara da ƙwai suna cikin abubuwa 14 masu tada aleji da doka ta ce a fito da su fili, shi yasa za ka gan su da baƙin rubutu mai kauri.

Gargaɗi, kuma shine babban kuskuren da ni ma na yi: rashin ganin abu a rubuce ba ya nufin ba a yi amfani da shi ba. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 1169 ta 2011, wadda Ingila ma ta ci gaba da bin ta bayan ta fice, ba ta tilasta a rubuta abin da aka yi aiki da shi aka cire ba, ana lissafa shi a matsayin kayan aiki ne ba kayan haɗi ba. Kifi na cikin 14 ɗin nan amma an ware jakar iskar kifin da ake tace giya da ita an ce ba sai an rubuta ba. Ƙari akan haka, ban da giyar inabi da Tarayyar Turai ta wajabta wa hakan tun ƙarshen 2023, wannan dokar ba ta ma tilasta wa abin shan da barasarsa ta wuce kashi 1.2 ya kawo jerin kayan haɗi ba, shi yasa za ka ɗau wata kwalbar ka juya ka juya ba ka ga komai ba. Giyar inabi kuwa tun 2012 aka ce in ragowar ƙwai ko madara ta saura a ciki a faɗa.

4. Nemo tambari

In akwai tambari ka huta. Guda biyu aka fi gani. Akwai na ƙungiyar Vegan Society ta Ingila da aka kafa tun 1944, hoton furen sunfulawa ne ya fito daga harafin V. Akwai kuma V-Label, da'ira da V mai ganye a ciki, ya cika kantunan Jamus. Masu ba da waɗannan tamburan suna bincikar har kayan tacewa, ba jerin kayan haɗi kaɗai ba, don haka lemon da ke da tambarin bigan ba a tace shi da jelatin ba. Ni yanzu da shi nake saurin zaɓar ruwan aful in ina sauri.

Gargaɗi uku a nan. Shi V-Label kala biyu ne, ka karanta kalmar da ke ƙarƙashinsa, in an rubuta vegetarisch ko vegetarian ba na bigan bane. Na biyu, hoton ganye ko koren launi da kamfani ya zana don ado ba tambari bane, na sha ganin mutane suna ruɗuwa da wannan. Na uku na musulmi ne: tambarin bigan ba ya cewa komai akan barasa. A Jamus abin da aka rubuta alkoholfrei na iya ɗaukar barasa har rabin kashi ɗaya cikin ɗari, in kana son wanda babu sai ka nemi mai 0,0. Ga 'yan uwa na gida masu sayen lemon waje a manyan kantunan Kano da Abuja, lambar NAFDAC na nuna an yi wa kayan rajista ne, ba shaidar halal ba ce ba kuma ta bigan ba.

5. Duba mazubin da kuma kalar ruwan

In babu tambari, mazubin kansa na ba ka haske. A mashayun Ingila akwai giyar ganga da suke kira cask ale, wadda ake jan ta da dogon hannun famfo, ita tana ƙarasa nunarta ne a cikin gangar a ɗakin ƙasa, kuma al'adarsu a zuba ruwan jakar kifin nan kai tsaye cikin gangar. Don haka in an tambaye ka akan irin wannan ka ɗauka akwai kifi har sai an tabbatar maka babu, ko ka ga an rubuta unfined a jikin famfon. Sunan giya ɗaya na iya zama ta ganga da kifi, ta kwalba da ta gwangwani babu, saboda hanyar tacewar daban ce, kenan ba sunan kaɗai za ka bincika ba har da mazubin.

Giyar Jamus da aka yi akan tsohuwar ƙa'idarsu ta 1516 galibi ba a samun matsala da ruwan cikinta, da kieselgur da PVPP suka fi tacewa. Sai dai masu tsanantawa cikin 'yan bigan har gam ɗin da aka manna takardar kwalbar suke tambaya don wani da furotin ɗin madara ake yi. Da farko na yi mamaki, daga baya na ga ai mu ma haka muke bin diddigin yanka, kowa da abin da ya ɗauka da nauyi.

A lemo kuwa abun ya fi sauƙi, ruwan aful da aka bari a dame, Jamusawa na rubuta naturtrüb turawan Ingila cloudy, ba a cika bi da shi ta matakin tacewar nan ba. Wanda kake hango yatsanka ta cikin kofin shi ne abin tambaya. Wani lokacin na damen ya ɗan fi tsada kaɗan, amma bambancin bai kai ya hana saye ba.

Gargaɗi: wannan alama ce ba hujja ba. Giya mai duhu-duhu na iya ɗauke da lactose, lemo garau kuma na iya zama an tace shi da inji zalla ba jelatin ko ɗigo. Kar ka yanke hukunci da ido.

6. Bincika a intanet, ka duba kwanan wata da ƙasa

Ga giya akwai shafin Barnivore, ka rubuta sunan ya fito maka da kore ko ja, kuma abin da na fi so da shi suna liƙa ainihin amsar da kamfanin ya bayar. Ka buɗe ka karanta amsar, kar ka tsaya a kalar. Ga lemo sai ka shiga shafin kamfanin wajen tambayoyin da aka saba yi, da yawa sun riga sun amsa.

Gargaɗi: kamfanoni na canza hanya. Guinness da ke Dublin tun 1759 ta daɗe tana tacewa da jakar kifi, a 2015 ta sanar za ta daina, a 2017 ta durom ta fita daga ciki, ta kwalba da gwangwani suka biyo baya. Wanda ya karanta tsohon rubutu na 2013 zai ba da amsar da ta riga ta mutu. Haka kuma suna ɗaya ana iya yin sa a masana'antu daban-daban a ƙasashe daban-daban, amsar da aka bayar akan na Turai ba lallai ta hau kan wanda aka yi a Legas ko Accra ba, ka duba bayan kwalbar ka ga ina aka yi ta.

7. Rubuta wa kamfanin da kanka

In duk na baya ba su warware ba, wannan ne mai yanke magana. A bayan kwali akwai imel ko lambar waya, masu farawa da 0800 kyauta ne a Jamus da Ingila, amma ni na fi son rubutu don ya zama kana da shaida. Ka sa cikakken sunan kayan, girman mazubin, kwalba ce ko gwangwani ko ganga, da lambar da aka buga kusa da ranar lalacewa.

Yadda ka yi tambayar shi ke kawo amsa mai amfani. In ka ce kawai akwai kayan dabba a ciki? za su ce maka babu, kuma ba ƙarya suka yi ba tunda an cire shi. Ka tambaye su ko suna amfani da wani abu daga dabba a kowane mataki na aikin har da tacewa, kalmomin da suke ganewa da turanci sune fining agents da processing aids, da Jamusanci Klärmittel ko Schönungsmittel. Ka jero musu sunayen mataki na 2 ɗaya bayan ɗaya. In sun ce jelatin, ka sake tambaya na wace dabba, alade ko saniya ko kifi, in saniya ce akwai takardar halal? In lemon na tataccen ruwa ne da aka sirka, wanda ake rubuta concentrate a jiki, ka ƙara tambayar ko wanda ya sayar musu da tataccen ruwan shi ma bai yi amfani da su ba, don sau da yawa can aka yi tacewar ba a wajensu ba. A nawa gwajin wasu sun amsa cikin kwana biyu, wasu sai da na sake tuntuɓa bayan sati biyu.

Gargaɗi: amsa irin ta kayanmu na bin duk dokokin ƙasa, ko babu ragowar komai a cikin abin da ke hannunka, ba amsa ba ce, kewaye ne. Ka mayar musu cikin ladabi ka ce eh ko a'a kake nema.

8. Ajiye amsar, ka faɗi iya abin da ka tabbatar

Ka buɗe wuri a wayarka ka rubuta sunan kaya, mazubi, amsa da ranar da aka ba ka, bayan shekara ka sake dubawa. In a wurin aiki ne ka ba manaja shawara a liƙa takarda ɗaya a bayan kanta kowa ya huta. Baƙo in ya tambaye ka abin da ba ya cikin takardar ka ce masa wannan ba a tabbatar ba tukuna, ga wanda aka tabbatar, ya fi ka ce eh don kunya, amana ce ya ba ka kamar yadda kai ma kake ba mahauci in ka tambaye shi yanka.

Maganar jelatin ɗin da aka tace da shi aka cire, malamai sun yi saɓani akai, wasu na ganin ya riga ya rikiɗe ya zama wani abu daban, abin da ake kira istihala, wasu na ganin asalinsa na nan. Ka kai wa malamin da ka yarda da shi amsar kamfanin yadda take a rubuce, ya fi ka je da jita-jita.

9. In kana son garau ɗin a gida

Uwargida ta ce in ƙara wannan don yaranmu sun saba da garau ɗin sun ƙi na damen. Ki markaɗa aful ko abarba, ki matsa ɗan lemon tsami don kar ya yi baƙi, ki fara tacewa da rariya sannan da farin ƙyalle mai laushi ninki biyu irin na tatar koko, kar ki matse da ƙarfi don dusar za ta biyo. Ki zuba a doguwar kwalba ki sa a firij ya kwana ba tare da an motsa shi ba, da safe za ki ga garin ya kwanta a ƙasa, sai ki tsiyaye na saman a hankali ki bar kamar yatsa biyu a gindin. Ba zai kai na kanti sheƙi ba amma yana yin kyau sosai, zoɓo da ruwan tsamiya ma haka muke musu. Tunda ba a dafa shi ba kar ya wuce kwana biyu a firij, na ƙasan kuma kar ki zubar, ki juye a kunu ko ki haɗa da yogot.